Ba Ni Lafiyayyar Tukuna

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. Ya rasu da daminar nan a ɗakinsa na Katagum, bayan 'yar gajeriyar jinya. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ban san dama da hagu ba, har ya aurar da ni Azare. Maɗori ne, ɗan maɗori. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Na tafi zaman makokin da hawaye, na dawo da tashin zuciya. Idan na yi shiru, nan gaba kaɗan mutumin da za a riƙa ba da labarinsa da sunan Kawu wani ne daban, ba wanda na yi shekaru ina zuba wa ruwan alwala ba.

Tagar ɗakin Inna, matarsa, tana kallon rumfar ƙofar gida inda maza ke karɓar gaisuwa, don haka ba abin da ya wuce kunnena. Mutum zai zo ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" A ce masa, "Da godiya." A shafa fatiha. Sai ya gyara zama, ya gyara hula, ya fara shirga ƙarya a kan mamacin da ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Wani ya ce da idonsa ya ga an kawo mutum ƙafa tana reto, Kawu ya yi tofi sau ɗaya, mutumin ya miƙe ya bi jam'in la'asar a tsaye. Wani ya ce ai wannan kaɗan ne, shi ya san lokacin da Kawu ya karya karan dawa a zaurensa ya haɗa, sai ƙashin wani manomi ya haɗe a can Disina, ko ganin juna ba su yi ba. Jama'a na ta kabbara.

Wanda ya fi ƙona mini rai wani Alhaji ne mai shagon atamfa a kasuwar Azare. Ya ɗage babbar riga, ya tuɓe safa, ya miƙo ƙafarsa tsakiyar tabarma, dab da kwanon ruwan sha.

"Ni ne shaida," in ji shi. "Kun ga nan? Gida biyu ta karye. Marigayi ya kama ta haka, ya ce bismillah. Wallahi sati bai zagayo ba ina tuƙa motata."

Yaya, ɗan Kawu na fari, dillalin babura ne, yana tsugune a gabansa ya ɗaga waya. "Alhaji, don Allah a sake daga farko, ba ta ɗauka ba."

Alhaji ya sake, wannan karon karayar ta zama gida uku.

Na dubi Inna. Tana zaune a kan tabarmar takaba, kai a sunkuye. Carbin hannunta ya tsaya cak. Ta san labarin ƙafar Alhaji, ni ma na sani.

Ga wanda bai san Kawu ba, gajere ne, siriri, mai saurin fushi, mai saurin hucewa. Ba ya cin goro, amma aljihunsa ba ya rabuwa da shi saboda baƙi. A zaurensa babu layu, babu ƙwarya mai rufi. Buzu ne, da damin karan dawa da ya fere da hannunsa, da wankakkun tsummokara, da kwalbar man shanu. Karayar hannu ko ta ƙwauri, idan ta zo a miƙe kuma fata ba ta fashe ba, yakan ɗora. Idon sawu ne ya fi jin tsoro. Ya ce ƙasusuwa ne suka yi taro a wurin, in ɗaya ya goce ko da kaurin ƙwayar gero, mutum zai yi ɗingishi har ya mutu.

Duk wanda aka shigo da shi yana ihu yana nuna kumburarriyar ƙafa, maganar Kawu ta farko ɗaya ce.

"Ba ni lafiyayyar tukuna."

"Malam, ba ita ba ce!"

"Na sani. Ba ni ita."

Sai ya riƙe lafiyayyar ƙafar, ya bi ƙasusuwan nan biyu da suka turo a idon sawu, na ciki da na waje, da babban yatsansa, a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ya ce sai ya san yadda Allah ya ƙera ƙafar mutum kafin ya gane abin da faɗuwa ta canza. Yana dannawa yana kallon fuska, don wani ko ƙuda ne ya sauka masa sai ya yi ƙara, wani kuma ko za a yanka shi ba zai motsa ba. In ya gane irin mutumin da ke gabansa, sannan ya ce a miƙo mai ciwon.

Kumburi ba ya ruɗarsa, haka ma baƙin jinin da ke kwanciya a fata. Ya ce targaɗe yakan kumbura fiye da karaya ma wani lokaci. Tambaya yake yi. Ya aka yi ka faɗi? Me kunnenka ya ji? Ka iya taka ta a lokacin? Yatsun suna jin taɓawa? Sannan ya danna. Idan ciwon yana cikin tsoka, ƙasa da ƙashin ko gabansa, shi ƙashin kuwa ya jure yatsa, kuma mutum ya iya ɗan takawa, sai ya ce, "Targaɗe ne, jijiya ce ta ji jiki. Je ka gida ka ɗora ta kan matashi, a riƙa sa mata tsumma mai sanyi, a naɗe sako-sako. Kar wanda ya ja maka ita, kar wanda ya murza. In ta ƙi sauƙi, dawo." Idan kuwa ya bi bayan ƙashin ko bakinsa mutum ya zabura, ko ƙafar ta ƙi ɗaukar nauyi sam, ko ta karkace, ko yatsu sun mutu, sai ya saki ƙafar ya goge hannu a riga.

"Wannan ba tawa ba ce. Ta hoto ce. Ku kama hanyar asibitin Azare."

Mutane ba sa son jin haka. Sun zo wurin mai baiwa, an tura su layin asibiti. Shi kuwa ko a jikinsa. Yakan ce, "Yatsana zato yake yi, hoto gani yake yi."

Ƙafar matan aure ba ya taɓawa, Inna ce hannunsa. Za a shigar da mace ɗakinta, shi ya zauna a waje bayan asabari yana magana.

"Kin fara da lafiyayyar?"

"Na fara, Malam."

"To bi bayan ƙashin, na waje. Danna."

Sai ya kasa kunne. Da numfashin mace yake gane abin da ke ciki. Haka suka tsufa tare, shi kunne, ita yatsa, har Inna ta san aikin kamar yadda ta san tuƙin tuwo.

Yanzu ga gaskiyar ƙafar Alhaji. Gocewa ya yi a matakalar shagonsa. Kafin a iso da shi Katagum ya riga ya buga waya ko'ina cewa ya karye. An yanka kaji, an ɗora farfesun ƙafar sa, 'yan'uwa sun taso daga Bulkachuwa za su zo dubiya. A nan na fara gane wani abu game da mutanenmu wanda har yau yake ba ni haushi: karaya tana da martaba, targaɗe ba shi da ita. Mai karaya ana shimfiɗa masa katifa a falo, ana zuwa da lemo, ana tambayar yadda ya kwana. Mai targaɗe "sannu" ɗaya ake yi masa, a ƙara da "ka riƙa duba gabanka."

Kawu ya duba lafiyayyar, ya duba mai ciwon, ya sa shi ya miƙe ya taka. Ya taka sarai, yana ta yamutsa fuska.

"Targaɗe ne, Alhaji. Gode wa Allah."

"Malam, a dai sake dubawa."

"Ko na kwana ina dubawa ba zan karya maka ita ba."

Alhaji ya rage murya. "To a ɗan ɗaura mini karan nan mana, ko na kwana biyu. Mutane sun taso daga nesa."

"Karana na masu karaya ne," in ji Kawu. "In abin nuna wa baƙi kake nema, sayi sabuwar hula."

Alhaji ya fita a fusace, ɗingishin ma ya manta da shi sai da ya kai bakin mota. Ya je wurin wani maɗori can, aka ce masa karaya ce, aka ɗaure, bayan 'yan kwanaki aka kwance, aka ce an ga ikon Allah. Daga nan ya daina gaida Kawu. Shi ne ya laƙaba masa "maɗorin da ba ya ɗori." Yau da bakin da zai ƙaryata shi ya rufe, shi ne ya kwaso ƙaryarsa ya zo ya jibga a kan kabari, yana kiranta yabo. Tir.

Wani zai ce mene ne a ciki, ai yabon mamaci ba laifi ba ne. Wanda ya faɗi haka bai shaƙi abin da na shaƙa a zauren nan ba. An taɓa kawo wani manomi daga Sakwa, magidanci mai ƙananan 'ya'ya. Warin ne ya riga shi shigowa. Gocewa ya yi a gona, wani ya ce masa karaya ce, ya ɗaure da kara tamau, ya ce komai zafi kar a kwance, magani ne ke aiki. Da Kawu ya warware tsumman, yatsun sun yi baƙi ƙirin, fatar tana bin tsumma. Ya tashi ya zaga bayan zaure ya yi amai, ya wanke baki, ya dawo ya sa aka wuce da mutumin Azare nan take. Ƙafar ba ta tsira ba. Bayan watanni mutumin ya dawo da sanda a hammata yin godiya, yake cewa likita ya nuna masa hoton, ƙashi lafiya lau, ko tsagewa babu. Ranar Kawu bai ci tuwo ba. Abin da ya ce kawai, "Ba faɗuwa ce ta ci ƙafar nan ba, ƙarya ce."

Akwai kuma wata Bafillatana mai tallan nono daga rugar bakin kogi. Da ƙafarta ta shigo, ƙwarya a ka, tana ɗan jan sawu. Ta ce saniya ce ta ture ta, targaɗe ne, a taimaka mata da man shafawa ta wuce kasuwa. Inna ta zaunar da ita, ta fara da lafiyayyar, ta koma mai ciwon, ta danna bayan ƙashin. Matar ba ta yi ko tari ba.

Daga bayan asabari Kawu ya ce, "Ta yi shiru, amma numfashinta ya yanke. Ta hoto ce."

"Malam, da ƙafata fa na zo."

"Taurin ranki ne ya kawo ki. Ana tafiya a kan karaya, ba yau aka fara ba."

Ta ce ina, ba za ta je ba. Nonon zai lalace, yara kuma suna jiran abin da za ta koma da shi. Kawu bai ja maganar ba. Ya sa aka miƙo masa ƙwaryar, ya fita da ita ƙofar zaure, ya zauna da ludayi a hannu. Dattijo da furfurar gemu yana tallan nono! Unguwa ta taru ana ta dariya.

"Malam, ya kasuwa?"

"Kasuwa lafiya. Matso, yau ba na korar kowa."

Kafin azahar ƙwarya ta koma fayau. Ya aika ruga aka kira mijinta, Inna ta raka su Azare. Ƙashin waje ne ya tsage. Matar nan ta zo makokin Kawu, ta ajiye ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta raɓe a lungun ɗakin Inna tana share hawaye da gefen mayafi. Ba wanda ya ɗaga mata waya ya ce ta maimaita.

Tsakanin Kawu da Yaya kuwa an daɗe ana jan igiya. Yaya bai taɓa zama a buzun nan ya kai la'asar ba. Ƙorafinsa kullum shi ne mahaifinsa yana korar arziki da hannunsa. Ya taɓa zuwa da shawarar a kafa allon talla a bakin titi.

"Me za ka rubuta?" in ji Kawu. "A nan ake tura mutane asibiti?"

"Baba, wasu da ba su kai ka ba sun yi suna har Damaturu."

"Ranar da ka iya cewa ban sani ba a gaban jama'a, zo in koya maka."

Bai zo ba. Amma tun kafin a share makoki na ga sabon allo a jingine a zaure, fenti bai gama bushewa ba, da sunan Kawu a sama, na Yaya a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Sai ranar sadakar uku. An yi ruwa da asuba, tsakar gida ta jiƙe, mata na ta suyar masa da wanke-wanke, bakin rariya ya yi gansakuka. Da hantsi Inna ta fito za ta yi alwala. Ina tsaye da tire a hannu na ga ƙafarta ta zame, ta turguɗe a ƙarƙashinta, na kuma ji ƙarar, 'yar ƙarama, kamar an taka busasshen kara. Ba ta yi ihu ba. Muka ɗauke ta zuwa ɗaki, ta gwada taka ƙafar, ta kasa. Kafin a shimfiɗa mata zane idon sawun ya fara tashi.

Na ce a nemo mota, Azare za mu.

"Azare?" Yakumbo ce, yayar su Kawu da mahaifiyata, babbar gidan yanzu. Tana tsaye a bakin ƙofa, ko leƙa ƙafar ba ta yi ba. "Mai takaba? Jiya-jiya aka binne mijinta, yau a gan ta a titi cikin mota? Ba a gidanmu ba. Targaɗe ne. A kawo man zafi a murza mata."

Nan take ɗaki ya ɗauka. "Targaɗe ne." "Ai da gani targaɗe ne." "Ni ma haka tawa ta yi bara." Bakunan da suka wuni jiya suna mayar da kowane targaɗe karaya don a yabi mamaci, su ne yau suke mayar da karaya targaɗe don kar a yi da su a gari. Wata har ta kawo shawarar a jiƙa ƙasar kabarin Kawu a shafa.

Ana cikin haka sai ga Yaya da damin karan mahaifinsa da tsummokara, abokinsa na biye da shi ya tsaya a bakin ƙofa da waya a ɗage.

"Ko karaya ce ma, ai nan ne gidan ɗori," in ji shi. "Ga mutane cike a waje, a ce daga gidan nan aka ɗauki ƙafa aka kai asibiti? Me za a ce da mu?"

Yakumbo tana son targaɗe saboda takaba, Yaya yana son karaya saboda allo. Sun saɓa a suna, sun haɗu a kan cewa Inna ba za ta fita ba. Ba wanda ya tambayi mai ƙafar.

Na ce, "Yaya, Kawu ba ya ɗora idon sawu. Ka sani."

"Ke 'yar riƙo ce," in ji Yakumbo. "Ba a gadon ɗori ta wajen mace. Matsa ki ba shi wuri."

Warin ƙafar mutumin Sakwa ya dawo mini a hanci kamar yanzu aka warware tsumman. Inna kuwa gumi ya jiƙa mata goshi, kuma ba ta da bakin magana. Ba za ta yi musu da yayar mijinta tana cikin takaba ba. Yaya kuma ɗan fari ne. Tun da na buɗe ido a gidan ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tana da saƙo gare shi, ni take cewa, "Gaya wa wancan."

Yaya ya durƙusa, ya naɗe hannun riga, ya yi bismillah da ƙarfi yadda waya za ta ɗauka, ya kai hannu ga kumburarriyar ƙafar. Inna ta cije leɓe, ta sa hannu biyu ta janye ta. Sannan a hankali ta miƙe lafiyayyar, ta ajiye ta a gabansa.

Ya dubi ƙafar, ya dubi mutane, ya yi 'yar dariya.

"Inna, ba ita ba ce."

Rabin matan da ke wurin sun taɓa zama a tabarmar nan da ƙafa ko hannu a kumbure, kuma kowacce ta taɓa faɗin wannan maganar. Maganar marasa lafiya ce. Ba a taɓa jin ta daga bakin mai ɗori ba. Daga lungu Bafillatanar nan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malam da ita yake farawa." Abokin Yaya ya sauke wayarsa.

Inna ta kamo hannuna. Ta ɗora babban yatsana a bayan ƙashin lafiyayyar ƙafar, ta danna. Ta mayar da shi daidai wurin a mai ciwon, ta danna da kanta. Na ji numfashinta ya yanke, hawaye ya zubo mata.

"Gaya musu," ta ce. "Ta hoto ce."

Yakumbo ta buɗe baki za ta sake kawo zancen takaba. Ban jira ba. Na je tagar nan da na wuni ina sauraron ƙarya ta cikinta, na hango Liman a cikin rumfar, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Allah gafarta Malam Liman! Mai takaba ta faɗi, ana zaton karaya. Ya halatta a kai ta asibiti?"

"Subhanallahi! Wa ya hana ta?" in ji Liman. "Lalura ce. A kai ta yanzu. In an sallame ta ta dawo ɗakinta, in an riƙe ta ba laifi a kanta."

Fatawar da aka kusa cinye ƙafar tsohuwa a kanta ke nan, ba ta kai tsawon shan ruwa ba.

Motar da aka samu kuwa ta Alhaji mai atamfa ce. Shi ya yi tayi, da ƙarfi, yana waige-waige a ga ya yi. Na dai gode masa, don ya kai mu. Mun ɗan yi nisa ya fara ba mu labarin yadda marigayi ya ɗora masa karaya. Inna tana kwance a baya, ƙafarta a kan cinyata, ido a rufe.

"Alhaji," ta ce, "taka targaɗe ce. Ina bayan ƙofa ranar."

Alhaji ya mayar da ido kan titi, ya ƙara gudu.

Hoto ya nuna ƙashin waje ya karye, ya ɗan goce. Likita ya gyara, aka naɗe ƙafar da farin simintin nan na asibiti, aka ce kar ta taka sai an sake dubawa. Ya ɗaga hoton yana nuna mata wurin, ita kuwa ko kallo ba ta yi ba. Ta ce ta ji shi tun a bakin rariya.

Da muka dawo Katagum, masu ta'aziyya suka rikiɗe suka zama masu dubiya. Tun da karaya ce, sai ga kaji, sai ga lemo. Matan da suka rantse targaɗe ne, su ne ke cewa, "Ai ni tun da na ji ƙarar na san ta karye." Yakumbo ta ce ita dama ba ta hana ba.

Na zauna jinyar Inna har gida ya watse. Allon nan yana zaure, an juya fuskarsa bango, amma ba a fitar da shi ba, kuma ban san abin da Yaya zai yi da shi ba. Ba zan yi masa shaidar da ban gani ba, gidan nan ya sha isasshiyar ƙarya. Abin da na gani kawai zan faɗa.

Wata la'asar ya zo shi kaɗai, ba waya a hannu. Ya yi sallama, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya daɗe yana wasa da bakin tabarma. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Inna, ban sani ba."

Inna ta dubi bango. Ta ce da ni, "Gaya wa wancan, in gadon yake so, daga nan ake farawa." Ta miƙe lafiyayyar ƙafar.

Ya matso da gwiwa. Ya ɗora babban yatsansa a kan tsoka, can inda ba nan ba. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga Inna ta miƙa hannu, fuskarta har yanzu tana bango, ta kama yatsan ɗanta na fari ta mayar da shi bayan ƙashin. Tun da nake, ranar na fara ganin hannunta a kan nasa.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya tsare sunansa daga bakin masu yabonsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa a faɗi abin da muka yi, ba ƙari.